Barikin nan mai kama da tsohon gidan sarauta a City Road, Landan: tambayoyin da 'yan uwa ke yawan yi min

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina aiki a kusa da Old Street, kuma kusan duk ɗan uwan da muka bi ta City Road tare, ko ɗalibi ne sabon zuwa ko wanda ya rako mara lafiya asibitin ido na Moorfields, sai ya ja ya tsaya ya nuna min ginin dutsen nan ya ce malam wannan fa, gidan yari ne ko coci? Tun ina amsawa a tsaye a bakin titi motoci na ta wucewa har na ga gara in zauna in tattara tambayoyin wuri guda, tunda kusan iri ɗaya ne kullum.

Wai shin menene wannan ginin?

Bariki ne. Sunansa Finsbury Barracks, an gina shi a 1857 saboda wata runduna da ake ce ma Royal London Militia, wanda ya zana shi kuma Joseph Jennings. Da gangan aka yi shi da siffar tsohuwar ganuwa, da hasumiyoyi da 'yan ƙananan tagogi, amma dai ba a taɓa yin yaƙi a jikinsa ba, salon ginin zamanin ne kawai. Abin da mutum ba ya gani daga titi shi ne a bayansa akwai wani gidan da ya girme shi nesa ba kusa ba, Armoury House, wanda aka gina tsakiyarsa a 1735 aka ƙara masa ɓangare biyu hagu da dama a 1828, sannan a gaban wannan gidan akwai fili shimfiɗe da koriyar ciyawa wajen eka shida, dogayen ofisoshi sun kewaye shi ta ko'ina.

Duka ukun, barikin da gidan da filin, hedikwatar runduna ɗaya ce yanzu, Honourable Artillery Company, kowa dai HAC yake cewa.

Sojoji ne na gaske a ciki ko 'yan ado ne?

Na gaske ne, sai dai ba soja ne sana'arsu ta kullum ba. Sojojin ko-ta-kwana ne, wato mutum yana da aikinsa, lauya ne ko ma'aikacin banki ko malamin makaranta ko mai gyaran kwamfuta, sai ya ware dare ɗaya a mako da wasu ranakun ƙarshen mako da kuma wajen sati biyu a shekara yana atisaye. Ni da idona na sha gani da yamma wajen ƙarfe shida da rabi, mutum cikin kwat da nakatayel ya fito daga tashar Moorgate amma a bayansa ƙatuwar jakar soja ce mai launin ganye, takalmin but yana reto a jikinta, ya nuna kati a get ya shige. Gobe da safe kuma yana kan teburinsa a ofis kamar ba shi ba.

Aikin da aka fi sanin rundunar da shi a yau shi ne leƙen asirin fagen daga, 'yan ƙananan ƙungiyoyi su kutsa gaba su ɓoye su gano inda abokan gaba suke su aiko da bayani, suna kuma da masu sarrafa igwa. An tura mutanensu Iraƙi da Afganistan. 'Yan adon da wasu ke nufi su ma suna nan, amma su daban ne, na yi bayaninsu a amsar masu harba igwa a ƙasa.

To me yasa ake ce musu kamfani? Kasuwanci suke yi?

A'a. Kalmar tsohuwa ce, a da tana nufin ƙungiya ko jama'ar da suka haɗu kan abu ɗaya. Ranar 25 ga Agusta 1537 Sarki Henry na Takwas ya ba wasu mutanen Landan takardar izini su kafa ƙungiyar koyon harbi don tsaron ƙasa, kuma abin da takardar ta lissafa shi ne dogon baka, da baka mai kunama, da bindigar hannu. Kenan ita kanta kalmar atilare a lokacin ba igwa kaɗai take nufi ba, duk abin da ake harbawa ne, har kwari da baka. Daga wannan takardar ake lissafin shekarunsu, shi yasa ake ce musu runduna mafi tsufa a sojan Birtaniya.

Sai dai akwai ɗan ƙamshin gaskiya a tambayar. HAC fuska biyu gare ta, akwai rundunar da ke ƙarƙashin sojan ƙasa, akwai kuma ƙungiyar da ke riƙe da gidan da filin, wadda aka yi wa rajista a matsayin ƙungiyar jin ƙai, ita ce ke ba da hayar ɗakunan don biki da taro da liyafar kamfanoni, da kuɗin ake kula da wurin. Shi yasa wani lokaci zaka ga amarya da farar riga tana shiga get ɗin bariki ka yi ta mamaki.

Yaya aka yi fili mai girma haka ya tsira a inda ƙasa ta fi zinariya tsada?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don ita ce ta sa na fara bin tarihin unguwar tun farko. Tsohon birnin Landan yana da ganuwa da ƙofofi kamar dai yadda muka san tsofaffin biranenmu, kuma duk wannan yankin bayan ganuwa ne ta arewa. Fadama ce, ruwa ke kwanciya, ita ake kira Moorfields, gaba da ita kuma filayen Finsbury. A 1415 aka fasa ganuwar aka yi ƙofa don mutane su riƙa fita, ita ce Moorgate, ƙofar fadama kenan, wadda yau sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ne kawai, ƙofar an rushe ta tuntuni. A 1527 aka fara janye ruwan. Daga nan wurin ya zama na kowa da kowa, masu wanki su shanya kaya, samari su yi kokawa, maharba su kafa alamomi a cikin filayen suna gwada kibiya.

Su HAC ba nan suka fara ba. Filinsu na farko yana Spitalfields ta gabas, suna raba shi da masu igwar Hasumiyar Landan, zaman ya ƙi daɗi, sai a 1641 suka samu wannan yankin suka dawo. To daga nan gari ya fara cinye filayen ɗaya bayan ɗaya. An buɗe City Road a 1761, an yanka Finsbury Square a 1777, gidaje da masana'antu suka biyo, daga baya ofisoshi suka kori gidajen. Kusan kowane fili aka gine sai wannan, kuma dalilin ba wani abin al'ajabi bane, masu shi ne basu taɓa daina amfani da shi ba. Shekara kusan 400 ana fita fareti a kan ciyawa ɗaya. Ko a 1908 da aka haɗe rundunonin sa kai na ƙasar wuri guda, sai da majalisa ta yi wa HAC dokarta ta musamman wadda ta bar mata dukiyarta a hannunta.

Ni a ganina darajar wurin kenan fiye da igwa da kaki. In kana son ka san yadda bayan garin Landan yake kafin siminti, wannan ciyawar da maƙabartar da ke jikinta su ne ragowar.

Maƙabartar da ke jikin barikin ta sojoji ce?

Ba tasu bace, maƙwabtaka ce kawai. Sunanta Bunhill Fields, kuma asalin sunan tudun ƙashi yake nufi. A 1549 aka kwashe ƙasusuwan da suka taru a ma'ajiyar ƙashi ta babban cocin St Paul, sama da amalanke dubu, aka zo aka zube su a nan aka rufe da ƙasa har wurin ya yi tudu a tsakiyar fadama. A 1665, shekarar babbar annoba, aka kewaye shi a matsayin maƙabarta, aka ci gaba da binne mutane har 1854 da aka rufe. An ƙiyasta mutum wajen 123,000 ne a kwance a wannan ɗan wurin. Yawancinsu Kiristoci ne da suka ƙi bin cocin gwamnati, suna son a binne su ba tare da addu'o'in cocin Ingila ba, to sai bayan ganuwa. Cikinsu akwai Thomas Bayes da ya rasu a 1761, wanda duk ɗalibin lissafi ko kimiyyar kwamfuta ya san ƙa'idarsa ta yiwuwar abu, da Susanna Wesley mahaifiyar John Wesley, malamin da ya kafa ɗariƙar Methodist ta Kirista.

Tun 1869 aka mai da ita wurin shan iska. In ka shiga da rana tsaka zaka tarar da ma'aikatan ofis a jere kan benci da kwalin abinci a cinya, manyan itatuwa sun yi inuwa, kurege na tsalle a kan duwatsun kabarin da ruwan sama ya cinye rubutunsu, ta gefen kudu kuma ga bayan Armoury House. Gaskiya ni har yau ban iya cin abinci a wurin, tarbiyyar da muka taso da ita ba ta bari, nakan dai ratsa ta hanyar tsakiya in rage sauri in tuna inda kowa zai je. Amma ban ga laifinsu ba, su suka hana wurin mutuwa.

Tsallaken titi daidai ƙofar maƙabartar akwai cocin da John Wesley ya buɗe a 1778, uwar cocin Methodist, kabarinsa na bayanta. Ranar Lahadi zaka ga 'yan Ghana da 'yan Najeriya da yawa cikin masu ibada a wurin.

Su ne masu harba igwa a Hasumiyar Landan ranar bikin sarki?

Su ne. Masu dawakin da ake nunawa a Hyde Park ko Green Park wata runduna ce daban ta sojan dindindin, amma harbin bakin kogi a Hasumiyar Landan na HAC ne, daga City Road suke jan igwoyin da mota su ratsa cikin gari. Ranar bikin sarauta harbi 62 suke yi, kuma lissafin haka yake: 21 gaisuwar sarki, 20 saboda Hasumiyar gidan sarauta ce, 21 kuma na birnin Landan. Da Sarauniya Elizabeth ta rasu a Satumba 2022 sun harba 96, ɗaya a kan kowace shekara ta rayuwarta. Sarkin Ingila shi ne babban kyaftin ɗin rundunar a al'adance.

Masu jajayen kaya da sulke da kwalkwalin ƙarfe da dogayen masu kuwa, su ne Pikemen and Musketeers, an kafa su a 1925 daga tsofaffin 'yan rundunar, suna sa kayan sojan shekarun 1640. Su ne dogaran Lord Mayor, shugaban tsohon birni, wanda ba shi bane magajin garin Landan da ake zaɓa, mutane na yawan haɗa su. In kana son ganinsu kyauta ka fito ranar Asabar ta biyu a Nuwamba, ranar hawan Lord Mayor.

Sun taɓa zuwa yaƙi kuwa?

Sosai ma. Sun je yaƙin Afirka ta Kudu a 1900. A yaƙin duniya na ɗaya kusan mutum 13,000 ne suka bi ta HAC, sama da 1,600 basu dawo ba, kuma dubbai daga cikinsu an ɗauke su an mai da su hafsoshi a wasu rundunonin. A Gavrelle ta Faransa, cikin Afrilu 1917, biyu daga cikinsu, Reginald Haine da Alfred Pollard, suka samu Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasar. A yaƙi na biyu sun yi aikin igwa a Arewacin Afirka da Italiya da Turai, wasu kuma suna kakkaɓo jirage a kan Landan.

Na ji wai daga nan aka fara tashi sama a Ingila, haka ne?

Haka ne in ana maganar Ingila kaɗai. Ranar 15 ga Satumba 1784 wani matashi ɗan Italiya, Vincenzo Lunardi, ya cika balan-balan da iskar haidirojin a wannan filin, jama'a sun yi dafifi har da yarima mai jiran gado, ya tashi da kare da kyanwa da tantabara. Sanyin sama ya dami kyanwar sai da ya sauko a hanya ya ajiye ta, ya sake tashi, ya ƙarasa a kusa da Ware cikin Hertfordshire, wajen mil 24 daga inda ya taso.

Filin kuma yana cikin tsofaffin wuraren wasan kurket a duniya, tun 1725 ake da labarin wasa a kansa, har yau kuma ana yi da bazara.

An ce an taɓa ajiye gawarwaki a filin. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma ba tsohon labari bane. Ranar 7 ga Yuli 2005 da aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa uku da bas ɗaya, mutum 52 suka rasu ban da ɗaruruwan da suka ji rauni, hukuma ta buƙaci wuri mai faɗi, mai tsaro, a tsakiyar gari, wanda idon jama'a da 'yan jarida ba zai kai ba. Nan aka samu. Cikin 'yan kwanaki aka kakkafa manyan rumfuna a kan ciyawar aka yi mutuware na wucin gadi, a nan likitoci da 'yan sanda suka yi aikin gane kowace gawa, a nan iyalai suka zo. Cikin mamatan akwai Kirista akwai Musulmi akwai Bayahude, akwai haifaffun ƙasashe daban daban har da Najeriya da Ghana.

Duk sanda na ga an kafa rumfar biki a filin da bazara ana kiɗa sai wannan ya faɗo min a rai. Kuma ba shi ne karon farko da unguwar ta ɗauki irin wannan nauyin ba, a gobarar 1666 da ta cinye birnin, a filayen Moorfields dubban waɗanda suka rasa gidaje suka kwana da 'yan komatsansu. In ka haɗa da amsar maƙabarta a sama zaka ga abu ɗaya ne ke ta maimaituwa, duk abin da cikin gari ya kasa ɗauka nan ake fito da shi, ƙasusuwa, 'yan gudun gobara, har asibitin masu taɓin hankali na Bethlem da aka dawo da shi Moorfields a 1676 ya zauna har 1815.

Finsbury ɗin nan ita ce Finsbury Park mai masallaci?

A'a, don Allah a kiyaye wannan, mutane da yawa sun sha wahalar banza a kai. Finsbury Park tana can arewa wajen mil uku daga nan. An buɗe lambun a 1869 da sunan mutanen Finsbury ne saboda tasu unguwar ta cushe ba wurin shan iska, sai sunan ya bi shi can. Finsbury ta asali ita ce wannan, ta taɓa zama ƙaramar hukuma mai kanta daga 1900 zuwa 1965 kafin a haɗe ta da Islington. In bariki ko asibitin ido kake nema, Old Street zaka sauka a layin Northern, ko Moorgate ka tako arewa, tafiyar minti biyar zuwa goma.

Ɗan Najeriya ko Ghana da ke zaune a nan zai iya shiga? Ɗan Nijar fa?

Ƙa'idar ta sojan ko-ta-kwana ce gaba ɗaya, ba ta HAC kaɗai ba. Ana ɗaukar ɗan Birtaniya, ɗan Ireland, da ɗan ƙasar Kwamanwel wanda ke da takardar zama ta dindindin. Kenan ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru mai bizar karatu ko ta aiki bai isa ba tukuna sai ya samu ta dindindin, ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan kuwa sai in ya zama ɗan ƙasa, tunda ƙasashen ba sa cikin Kwamanwel. Shekaru daga 18 ne zuwa farkon arba'in ga mai shiga a kurtu, maza da mata, akwai gwajin lafiya da na gudu da binciken tsaro. Mafi ƙarancin abin da ake so a yawancin rundunoni kwana 27 ne a shekara, ana biyan kuɗin kowace rana, in ka cika kwanakin akwai wani dunƙulallen kuɗi a ƙarshen shekara da ba a cire masa haraji. In aka kira ka fagen daga doka ta tilasta wa mai aikinka ya mai da kai bakin aikinka in ka dawo. Waɗannan sharuɗɗan sukan canza, a duba shafin sojan kafin a fara cika fom.

Abin da nake gaya wa ƙannenmu shi ne kar wanda ya shiga don kaki ko hoto. Rantsuwa ce, kuma ana iya tura ka inda zuciyarka ba ta so, ka koma ka karanta amsa ta biyu kan inda aka tura su. Ka yi shawara da iyayenka da matarka, ka yi istihara.

Sallah da abinci da gemu fa, in mutum Musulmi ne?

Sojan Birtaniya na da limamin Musulmi tun 2005, akwai abincin halal har a cikin kunshin da ake rabawa a daji, gemu kuma dama ana bari saboda addini, tun 2024 ma aka buɗe wa kowa. Wahalar da ta rage ita ce ta lokaci, atisayen ƙarshen mako in ya faɗo cikin azumin bazara da ke kaiwa awa goma sha takwas, wannan sai mutum ya yi magana da na gaba da shi tun da wuri.

Ana barin mutum ya shiga ya gani?

Ba a shiga haka kawai, akwai masu gadi a get, sai da gayyata ko in an yi taron da aka buɗe wa jama'a. Kuma kar a tsaya ana ɗaukar hoton get da masu shiga da fita, a tsallaka titi a ɗauki ginin daga nesa ya wadatar.

Amma unguwar kanta kyauta ce, ga yadda nake zagawa da baƙi. Mu fara daga tsohon shataletalen Old Street inda kamfanonin intanet suka yi sansani, mu gangaro City Road mu ga barikin, mu ɗan dawo baya mu ratsa Bunhill Fields mu fita ta Bunhill Row, mu sauka Chiswell Street inda tsohon gidan giyar Whitbread yake, wanda ya yi aiki daga 1750 har 1976. Daga nan ana hango dogayen benayen Barbican, da aka gina a kan unguwar da bama-baman Jamus suka share a daren 29 ga Disamba 1940. Sai mu yi gabas ta Finsbury Square mu wuce tashar Liverpool Street mu shiga Spitalfields, a nan nake nuna musu allunan titi, Artillery Lane, Artillery Passage, Gun Street, sunayen da suka rage daga filin HAC na farko da na ambata a sama. In la'asar ta kama mu a wurin, masallacin Brick Lane na nan gaba kaɗan, ginin 1743 ne, a nan muke yin sallah kafin kowa ya nemi jirginsa.